Ƙafar Yaya ce ta fara faɗa mana

Ciwon dajin Yayana a babban hanji yake zaune, amma ba a ciki ya fara nuna kansa ba. A ƙafar hagu ya bayyana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma da izininsa nake rubuta wannan, domin mutanenmu da yawa ba su san cewa ciwon daji, wato kansa, da daskarewar jini tafiyarsu ɗaya ba ce. Wani lokaci gudan jinin ne ke riga ciwon bayyana, wani lokaci kuma shi ke ɗauke mara lafiya ana tsakiyar samun nasara a kan ciwon.

Yaya ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, ya haura hamsin, ba ya shan taba, ba shi da ƙiba. Wata safiya ya tashi da tsami a sha-raɓarsa ta hagu, kamar jijiya ta ɗaure. Bai faɗi ba, bai yi targaɗe ba, bai yi doguwar tafiya ba. Ya aika kemis aka kawo masa diclofenac, matarsa ta riƙa gasa masa wurin da ruwan zafi tana yi masa tausa da man zafi. Zafin ya ɗan lafa, kumburin kuwa ya hau har cinya. Da aka kira ni, an riga an yi magana da wanzami zai zo ya yi masa ƙaho, a cire "mataccen jini".

Abin da ake yi a irin wannan hali ba shi da wuya, ko'ina akwai tef ɗin tela. A nemo ɗan tudun ƙashin nan da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a sauko santimita 10, a auna kewayen ƙafar a nan, sannan a auna ɗayar a daidai wurin. Idan bambancin ya wuce santimita 3, ba abin wasa ba ne. Na Yaya ya kai 4. Ƙafar ta fi ɗayar ɗumi, fatar ta miƙe tana sheƙi, idan aka danna da yatsa sai ta loɓa. Littattafan likitanci suna cewa a duba ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu. Don haka mu da ɗumi da awo muke aiki. Kuma abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ƙafa ɗaya ce. Kumburin ciwon zuciya ko na ƙoda ko na hanta yakan kama ƙafa biyu tare.

Na ce masa, "Yaya, don Allah a bar tausar nan, a kuma ba wanzami haƙuri. Jinin da ya daskare yana can cikin babbar jijiya tsakanin tsoka, ƙaho ba ya kai wa wurin. Matsawar da ake yi kuwa tana iya ɓantaro shi ya tafi huhu."

Ya ce, "Auta, ciwon ƙafa ne fa kawai."

Aka yi masa sikanin ɗin jijiyoyi da ake kira Dofla. Mai hoton yana danna jijiyar da kan na'urar ne. Lafiyayyar jijiya tana lotsewa gaba ɗaya, wadda gudan jini ya cika kuwa ba ta lotsuwa. Ta Yaya ta ƙi lotsuwa tun daga bayan gwiwa har tsakiyar cinya.

Likitan da ya gan shi bai tsaya a kan ƙafar ba, kuma wannan ne ya ceci ransa bayan ikon Allah. Gudan jini yakan zo da dalili: tiyata, karaya, doguwar kwanciya, juna biyu ko jego, ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin istirojin, tafiyar awanni a zaune. Idan ya zo wa mutum mai shekaru ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, dole a tambaya me ya sa. Cikin masu irin wannan gudan jini mara dalili, kimanin mutum 1 cikin 20 akan gano yana da kansa kafin shekara ta zagayo. Wato mafi yawa ba su da ita, kada wanda ƙafarsa ta kumbura ya yanke wa kansa hukunci. Amma adadin ya isa a zauna a yi wa mutum tambayoyi, a duba jikinsa da kyau, a yi gwajin jini da hoton ƙirji. Gwajin Yaya ya nuna jininsa ya sauka zuwa 8, alhali na namiji ya kamata ya kai 13, ƙwayoyin jinin kuma ƙanana, irin na wanda ya daɗe yana zubar da jini kaɗan-kaɗan. Sai a lokacin ya faɗa cewa ya kusa shekara yana ganin jini a bayan gida, yana shan maganin basir na gargajiya. Wandunansa ma sun yi masa yawa, ya ɗauka wahalar kasuwa ce. Aka zura masa kyamara ta dubura, aka ga ƙarin, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Kansar babban hanji ce.

Wannan alaƙa ba sabuwa ba ce a wurin likitoci. Wani likitan Faransa, Arman Turuso, ya yi bayaninta a 1865, bayan ya lura cewa masu kansar cikin ciki suna yawan samun toshewar jijiya da ke tashi daga wannan gaɓa ta koma waccan. A farkon 1867 ya ga irin wannan toshewar a hannunsa na hagu, ya gane abin da take nufi, kuma a cikin shekarar kansar tumbi ta yi ajalinsa. Har yau da sunansa ake kiran alamar.

Abubuwa uku ne ke sa jini ya daskare a cikin jijiya: jinin ya rage gudu, bangon jijiyar ya ji rauni, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin kamawa. Kansa tana haɗa ukun a jiki ɗaya. Ƙwayoyinta suna fitar da wani sinadari wanda a ƙa'ida sai an ji rauni yake haɗuwa da jini ya ba da umarnin a toshe. Ƙarin yana sakin sa cikin jini a ƙananan ɓurɓushi, sai jiki ya riƙa toshe raunin da babu shi, a wuri mai nisa da inda ciwon yake. Kansar tumbi, da ta hanji, da ta fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, suna kuma fitar da wata irin majina da ke sa ƙwayoyin filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, su manne da juna. Ƙari babba a mara ko a ciki yana iya danne jijiyar da ke dawo da jini daga ƙafa. Sannan mara lafiya ya rame, ya daina yawo, ya kwanta. Tsokar sha-raɓa ita ke tura jini sama duk lokacin da aka taka ƙasa, idan ta daina aiki jinin sai ya kwanta, kamar kunun da aka bari ba a motsawa. Maganin ma yana da nasa kaso. Tiyata, da wasu magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin kansa, irin su cisplatin, da thalidomide, da tamoxifen da masu kansar nono ke sha shekaru, da allurar ƙara jini ta erythropoietin, da doguwar robar da ake sa wa a babbar jijiyar wuya ko ƙirji don ba da magani, duk suna ƙara haɗarin.

Shi ya sa mai kansa ya fi wanda ba shi da ita haɗarin samun gudan jini ninki 4 zuwa 7, kuma cikin duk mutum 5 da aka samu da wannan matsala, kusan ɗaya mai kansa ne. Ba duk kansa ce daidai ba. Ta fankiriyas da ta tumbi da ta ƙwaƙwalwa da ta huhu da ta ƙwan mace su ne kan gaba, ta nono da ta furostet, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, suna ƙasa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne watannin farko bayan gano ciwon, da lokacin tiyata da kemo, da kuma idan ciwon ya bazu.

A nan muka shiga tsaka mai wuya. Ga gudan jini da ke buƙatar maganin tsinka jini, ga ƙari a hanji da ke zubar da jini. Likitoci suka zaɓi allurar enoxaparin, wadda aka fi sani da Clexane. Dalilinsu shi ne aikinta na awanni ne, idan zubar jinin ta ƙaru ana iya tsayar da ita nan take, kuma wasu daga cikin ƙwayoyin sha na zamani, musamman rivaroxaban, sun fi jawo zubar jini ga wanda ƙarin ke cikin hanjinsa ba a cire ba. Da nauyin jiki ake auna ta, miligiram 1 ga kowane kilo, sau biyu a rana, awa 12 tsakani. Yaya yana kilo 60 a lokacin, sai aka ba shi 60 safe, 60 dare. Kafin a fara an duba ƙodarsa, don ta nan maganin ke fita, kuma idan ƙoda ta yi rauni sosai sai ya taru a jiki. Aka ƙara masa jini, aka tsayar da diclofenac ɗin gaba ɗaya.

Matarsa ce ta koyi yin allurar, kuma ta iya ta fiye da wasu ɗaliban da na gani. A fatar ciki ake yi, a bar tazarar santimita 5 daga cibiya, a kauce wa tabo da wurin da ya yi shuɗi. A tsinko fatar tsakanin babban yatsa da manuni, a soka allurar a tsaye har ƙarshenta, a tura maganin a hankali ba tare da an saki fatar ba. Akwai ɗan kumfan iska a cikin sirinjin, ba a fitar da shi, aikinsa ya tura ragowar maganin. Bayan an zare ba a murza wurin, murzawa ce ke kawo taruwar jini ƙarƙashin fata. Wannan karon dama, na gaba hagu. Ba a yin ta a tsoka ko kaɗan. Ba ta son zafin da ya wuce digiri 25, abin da ke da wuya a garuruwanmu lokacin bazara, don haka a nema mata wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga, kuma kada a sa ta inda za ta ƙanƙare.

Abin da ya kamata kowane mara lafiya ya ji da kunnensa tun ranar farko shi ne maganin ba ya narkar da gudan jinin. Yana hana shi girma ne, ya hana wani sabo fitowa, jiki kuma ya riƙa cinye tsohon a hankali cikin makonni da watanni. Ƙafa tana iya sacewa cikin mako biyu alhali abin da ya kawo matsalar yana nan daram.

An yi tiyatar cire ƙarin bayan ƴan makonni. An tsayar da allurar awa 24 kafin a shiga da shi, aka dawo da ita da ƙaramin awo bayan aikin, sannan aka koma cikakken awo da likitan tiyata ya tabbatar babu zubar jini. Washegarin aikin aka tashe shi ya taka, yana ta roƙon a bar shi ya huta. Dangi sukan ga wannan kamar rashin tausayi ne daga ma'aikata, alhali yana cikin manyan matakan kariya. Ko wanda bai taɓa samun gudan jini ba, idan aka yi masa babbar tiyatar kansa a ciki ko mara, ƙa'ida ita ce a ba shi enoxaparin miligiram 40 sau ɗaya a rana har mako 4, ciki har da bayan sallama. Wanda aka sallami ɗan'uwansa ba tare da an ambaci wannan ba, yana da haƙƙin ya tambaya.

Gwajin naman ya nuna ciwon ya taɓa wasu kaluluwa da ke kusa, sai aka sa shi a kan kemo: oxaliplatin ta jijiya duk mako uku, da ƙwayoyin capecitabine a gida. A nan ne abin ya lalace. Ƙafar ta sace, an cire ƙarin, kuɗi sun ƙare. Allura biyu a rana wata da watanni ba ƙaramin nauyi ba ne ga gidan da ya riga ya sayar da fili. Ga ciki duk ya yi tabo. Sai kuma wani abokinsa ya gaya masa cewa daga hanjin alade ake yin allurar. Wannan gaskiya ne, daga nan ake samo heparin, kuma enoxaparin daga heparin take. Yaya bai gaya wa kowa ba sai matarsa, ya ce ta daina. Ba na ganin laifinsu. Mutum mai kula da addininsa, mai ganin ƴaƴansa suna rasa kuɗin makaranta saboda shi, ga ƙafarsa lafiya lau a idonsa, ba abin mamaki ba ne ya yanke wannan shawarar. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa cewa kemo ya ƙara masa haɗari fiye da da.

Cikin wani dare, bayan kwanakin amai da gudawa da kemo ya jawo masa, yana kwance ba ya iya shan ruwa sosai, ya tashi zai yi alwala sai numfashi ya gagara. Yana haki kamar wanda ya yi gudu, ga suka a gefen ƙirji duk lokacin da ya ja numfashi. Bugun zuciyarsa ya kai 120 a minti, iskar jininsa ta sauka zuwa 88, alhali ta mai lafiya 95 ce zuwa sama. Hoton siti sikan na jijiyoyin huhu ya nuna gudan jini ya toshe rassa a huhun dama. Daga ƙafa ya ɓantaro, ya bi babbar jijiyar ciki, ya ratsa ɓangaren dama na zuciya, ya maƙale inda hanya ta ƙuntata. Idan gudan ya yi girma ya toshe babbar hanyar, mutum yakan yanke jiki ya faɗi, kuma sau da yawa ba a kai wa asibiti. Bayan kansar kanta, wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu karɓar kemo. Mutuwar da akan ce "yana samun sauƙi, sai kawai ya tafi", wasu daga cikinta wannan ce.

Mai kansa da ya ji numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, ko suka a ƙirji, ko zuciya na gudu yana zaune, ko tari da jini, ko jiri har ya suma, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ba a jira safiya. A faɗa wa likitan da ke bakin aiki kalmomi biyu, kansa da kemo. Gwajin jinin nan na D-dimer da ake yi wa sauran mutane ba ya raba gardama a nan, domin ciwon dajin shi kaɗai yana ɗaga shi. Hoto ne ke tabbatarwa, kuma idan zargin ya yi ƙarfi likita yakan fara magani tun kafin hoton ya samu.

Allah ya yi da sauran kwana. Aka sa masa iska, aka dawo da allurar, ya farfaɗo. Sai aka zauna aka yi maganar da ya kamata a yi tun farko, wato wane magani ne zai iya ci gaba da shi. Kan batun alade, ya tambayi malaminsa, ya ji abin da malamai da yawa ke cewa game da larura idan rai na cikin haɗari. Ga wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai allurar fondaparinux da ake haɗawa ba daga dabba ba, akwai kuma ƙwayoyin sha. Warfarin ita ce mafi araha, amma likita ya ƙi ta, kuma da hujja. Capecitabine tana ƙara mata ƙarfi ƙwarai har ta kai ga zubar jini mai haɗari. Tana buƙatar gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, a kai a kai don a riƙe shi tsakanin 2 da 3, amai da rashin cin abinci da yawan ganye irin su alayyafo duk suna jujjuya shi, kuma a masu kansa gudan jini ya fi dawowa a kanta fiye da a kan allura. Tun da an riga an cire ƙarin, sai aka zaɓi apixaban: miligiram 10 sau biyu a rana na kwana 7, daga nan 5 sau biyu a rana. Da rivaroxaban aka ba shi, tsarin shi ne 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan 20 sau ɗaya, kuma dole tare da abinci, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukar sa yadda ya kamata. Waɗannan awo na faɗe su ne don mai jinya ya gane abin da aka rubuta masa, ba don a je kemis a saya ba. Nauyi da ƙoda da hanta da sauran magunguna duk suna canza lissafin.

Daga nan kulawar ta koma ɗaya gefen, wato tsoron zubar jini. Kafin kowane zagayen kemo ana duba filatilet. Na mai lafiya daga 150,000 ne zuwa sama. Idan suka sauka ƙasa da 50,000 akan rage maganin tsinka jini, ƙasa da 25,000 akan dakatar da shi na ɗan lokaci. A gida aka kwashe duk wani ibuprofen da diclofenac da piroxicam da aspirin, har da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, don kusan ba a rasa ɗayansu a ciki. Parasitamol kaɗai aka bar masa. Babu ƙaho, babu tsaga, babu cire haƙori sai da sanin likita, babu allura a ɗuwawu, babu jiƙo ko sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Aka koya wa matarsa abin da za ta sa wa ido: bayan gida baƙi mai yauƙi, jan fitsari, haɓo da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, dasashi mai jini, amai mai jini, ko ciwon kai mai tsanani musamman bayan faɗuwa. Wanda ke shan rifampicin na tarin fuka, ko carbamazepine ko phenytoin na farfaɗiya, lallai ya faɗa, domin suna rage ƙarfin apixaban da rivaroxaban ƙwarai.

Azumi ya same shi yana cikin kemo, likita ya ce kada ya yi, ya rama daga baya. Ƙishirwar yini guda a kan amai da gudawa tana kaurara jini, kuma maganin sau biyu a rana yana son tazarar awa 12. Idan tafiyar mota ta kama, yakan sa a tsaya duk bayan awa biyu ya taka, a zaune kuma yana ɗaga dugadugansa yana saukewa.

Ya gama kemo, hotunan da aka yi bayan nan ba su nuna ciwon ba, alhamdu lillahi. Maganin tsinka jini ga mai kansa akan sha shi aƙalla wata 3 zuwa 6, kuma ba a tsayar da shi muddin ciwon na nan ko ana kan magani. Likitansa ya bar shi a kai har bayan kemo, sai da hotuna suka fito da kyau sannan ya tsayar, da sharaɗin duk sabon kumburi ko haki ya dawo a ranar. Ƙafar hagun ba ta koma yadda take ba. Gudan jinin ya lalata ƙananan ƙofofin da ke cikin jijiyar masu hana jini komawa ƙasa, don haka da yamma takan yi nauyi ta ɗan kumbura, fatar idon sawun ta ƙara duhu. Yana sa safar roba mai matsewa tun da safe kafin ya sauko daga gado, yana ɗora ƙafar a kan kujera idan yana shago, yana kuma shafa mata mai don kada fatar ta tsage ta zama gyambo. Duk wata uku yana zuwa a duba jininsa.